Tsohon Ƙarfen Masana'anta Da Teburin Kafinta Na Gida

Daga Wakilinmu

A kasuwar 'yan gwangwan ba a tambayar ƙarfe irin aikin da ya yi a duniya, nauyinsa kaɗai ake tambaya. Ƙafar injin saƙa wadda aka zuba a Ingila ko Japan, ta shekara talatin tana ɗauke da injin da ba ya hutawa dare da rana, da ruɓaɓɓen bodin mota, duk sikeli ɗaya ake ɗora su. A auna, a biya kuɗin kilo, a loda a tirela, a nufi kamfanonin narka ƙarfe. Wanda ya shiga Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san ba a daɗe ana kallon kaya mai kyau a wurin. Abin da ka gani ran Litinin, kafin Jumma'a ya yi gaba.

To, a cikin wannan tarin akwai ƙarfen da bai kamata ya ga wuta ba tukuna. Daga cikin amfanin da za a iya yi da shi har da wanda ya shafi ma'aikaci mai ɗakin ajiya ko rumfa a bayan gida, da ɗalibin makarantar koyon sana'a da yake so hannunsa ya faɗa, watau a mai da shi gindin teburin aikin kafinta. Aikin ba shi da wuya ainun, amma yana bukatar mutum ya san ƙarfen da yake saye, ya kuma san inda ya fito.

Yadda ƙarfen ya zo kasuwa

Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons. Bayanta Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo cikin shekarun 1960, har Kakuri ta zama unguwar da jiniyar canjin aiki ke gaya wa mutane lokaci. A Kano kuwa masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ga kuma gidajen gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau.

Labarin faɗuwarsu sananne ne. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi zama, baƙin man da ake hura tukwanen tururi da shi ya yi wuya, atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta tsaya cikin 2002, United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa cikin 2007, ko da yake an yi yunƙurin tayar da ita daga baya. Ƙananan masana'antu da suka mutu ba tare da kowa ya rubuta sunansu a jarida ba kuwa, sai wanda ya ƙirga. Injinan wurare irin waɗannan wasu bankuna suka yi gwanjonsu don su fanshe bashi, wasu masu su suka sayar, wasu kuma dare ne ya kwashe su.

Abin da ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani shi ne, ƙasar da take narkar da wannan ƙarfe ba ta iya maye gurbinsa cikin sauƙi. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilar gina shi cikin 1979, bai kai ga narka tama yadda aka tsara ba. Saboda haka faffaɗan farantin ƙarfen zubi, wanda aka goge fuskarsa da inji ta miƙe sumul, in ya shiga tanderu ya tafi ke nan. Wanda ya nemi irinsa sabo sai ya nemi kuɗin ƙasashen waje.

Abin da kafinta ke nema a tebur

Wanda bai taɓa riƙe magogin katako ba yana zaton kowane tebur tebur ne. Ba haka ba ne. Idan kafinta ya tura magogi a kan katako mai tauri, ƙarfin kafaɗarsa duka yana sauka a kan teburin ta gefe. Tebur marar nauyi sai ya riƙa tafiya, ko ya riƙa rangaji, rabin ƙarfin mutum ya tafi wajen girgiza ƙafafu, bakin magogi ya riƙa tsalle yana barin tabo. Haka kuma in ana sara rami da cizal, dukan guduma ya kamata ya ƙare a bakin cizal. Tebur mai laushi shanye dukan yake yi. Abu uku ake nema: nauyi, da tsayuwa ba motsi, da fuska miƙaƙƙiya.

A nan ne ƙarfen zubi, wanda 'yan kasuwar ke kira kas, ya yi fice. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau bakwai da ɗoriya. Farantin da tsawonsa mita 1 ne, faɗinsa santimita 60, kaurinsa santimita 2.5, ya haura kilo 100. Bugu da ƙari, a cikin jikinsa akwai ɓarɓashin baƙin sinadarin nan da ake yin bakin fensir da shi, kuma shi ne ke shanye girgiza. Dalilin da ya sa masu ƙera injin saƙa da injin ɗab'i suka zaɓe shi ke nan, domin injin da ke bugawa sau ɗari da wani abu a minti ɗaya ba ya son gindi mai rawa. Tsohon zubi kuma ya riga ya gama duk wani motsin da zai yi, ba ya lanƙwashewa don an shiga damina, gara kuwa ba ta da abin ci a jikinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaga teburin katako daga ƙasan ɗakin ajiya ya tarar ƙafafun sun zama gari ya san darajar wannan.

Kayan da suka fi dacewa su ne gefunan injin saƙa guda biyu masu tsawo ɗaya, da ƙafafun injin gyaran ƙarfe, da gindin injin yankan takarda na tsofaffin maɗaba'u. Ƙafafun keken ɗinki na Singer, waɗanda suka fi kowanne yawa a kasuwa, su ma zubi ne, amma ba su da nauyin da za su jure gugar katako. Sun fi kyau da ɗaukar dutsen wasa kayan aiki, tun da ga feda da ƙafar juya bel a jikinsu.

Sanin ƙarfe kafin a biya kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Mai saye ya tafi da ƙaramar guduma, da tef na awo, da kwalbar kananzir, da alli. Farko ya tabbatar ko zubi ne ko kuwa baƙin ƙarfe na gama-gari irin na rodi. In aka taɓa shi da injin gurza ƙarfe, zubi yana fid da tartsatsi gajere, ja mai duhu, baƙin ƙarfe kuwa tartsatsinsa dogo ne mai haske. In aka huda shi, zubi gari yake zubarwa mai baƙanta yatsa, ɗayan kuwa sai ya fito da siraran ɓawo masu naɗewa.

Bambancin yana da muhimmanci domin halinsu ba ɗaya ba ne. Baƙin ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, mai walda kuma yana liƙa shi yadda ya ga dama. Zubi ba ya lanƙwasa. Yana ɗaukar nauyin da aka ɗora masa daga sama komai yawansa, amma in ya faɗo daga bayan mota a kan kwalta sai ya tsage kamar tukunyar ƙasa. Kuma da yake a kasuwar gwangwan jefa kaya ake yi, ba sauke su ba, tsaga ita ce babbar cutar da za a duba. A ɗaga ƙarfen daga ƙasa kaɗan a ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amsawa da ƙara, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Inda ake shakka, a shafa kananzir, a bari ya jiƙa, a goge sarai, a barbaɗa garin alli. Kananzirin da ya shige cikin tsagar zai dawo ya zana ta a kan allin kamar an ja layi. Tsohuwar dabara ce ta ma'aikatan reluwe, da ita suke duba ƙafafun jirgi tun kafin a ƙago na'urorin zamani.

Wani mai walda zai ce a kawo ya liƙe tsagar. Ana iya yi, amma sai an gasa ƙarfen tukuna, an yi amfani da sandar walda ta musamman mai sinadarin nikel, sa'an nan an binne shi cikin toka ko yashi ya huce sannu a hankali. In aka yi masa irin waldar ƙofar gida, yana hucewa zai sake tsagewa a gefen ɗinkin. A ganina ƙafar da ta tsage a inda nauyi zai sauka ba abin saye ba ce, ko da a rabin kuɗi. Haɗa ƙafafun kuma da noti ya kamata a yi. Yawancinsu suna da ramukan da aka yi musu tun daga kamfani, inda babu kuwa zubi ba ya gardama wajen huji.

Tambayar da ta fi awo muhimmanci

Daga ina kayan nan ya fito? Mutane da yawa suna jin nauyin yin wannan tambaya, alhali kuwa ita ce ke raba mai sana'a da mai laifi. Sayen kayan da mutum ya sani, ko yake da dalilin zaton na sata ne, laifi ne a dokar Final Kot, kuma ma'aikacin gwamnati da aka samu da shi ba kotu kaɗai zai fuskanta ba, har da aikinsa da fanshonsa. Guntun layin dogo yana da kyau wajen yin maƙera ta gida, kowa ya sani, amma mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne. Murfin ramukan titi shi ma zubi ne, kuma kowane ɗaya da ya zo kasuwa ya bar rami buɗe a inda 'ya'yan wani ke bi da dare. Ɓarnar ta yi yawa har gwamnatin Jihar Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa cikin 2023, hukumomin Abuja kuma suka rufe kasuwannin Fanteka na birnin na ɗan lokaci a farkon 2025.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce gwanjo, ko na kamfani ko na ma'aikatar gwamnati bayan kwamitin duba kaya ya tabbatar sun gama amfani, kamar yadda dokar sayayya da sayar da kayan gwamnati ta 2007 ta tanada. In a kasuwa ne, a saya a wurin mai shago sananne wanda ke cikin ƙungiyar 'yan kasuwar, a karɓi rasiɗi mai ɗauke da bayanin kayan da nauyinsu, a adana shi. Kayan da aka ce a zo a ɗauka bayan sallar isha'i, a bar wa mai su.

Har ila yau akwai abin da ko kyauta aka ba mutum kada ya kai gidansa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko sinadari, tururin da ya rage a ciki ya isa ya fashe shi da zarar wutar yanka ta taɓa shi, ko da ya shekara a bushe. Man tsofaffin taransifoma yana iya ƙunsar guba mai daɗewa a jiki. Farin abin nan mai kama da auduga da ake naɗe bututun tururi da shi a tsofaffin masana'antu sau da yawa asbesto ne, ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru. Sa'an nan duk wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, mai tambarin fuka-fukai uku a kan launin rawaya, a nisance shi a sanar da hukuma, domin wasu masana'antu suna auna kaurin kaya da sinadarai masu fid da tururin nukiliya. A garin Goiania na ƙasar Barazil cikin 1987 masu tsintar ƙarfe sun fasa irin wannan abu da suka ɗauko daga wani asibitin da aka bari, mutum 4 suka mutu. An sake yin haka a kasuwar gwangwan ta Mayapuri a birnin Delhi na Indiya cikin 2010.

Fentin da ke jikin tsohon inji ma abin lura ne. Jan fentin ƙasa da ake shafa wa ƙarfe a da, da dalma ake haɗa shi. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan gubar dalma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara cikin 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Kada a ƙona fentin, kada a gurje shi a bushe a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A jiƙa shi, a kankare a kan shimfiɗar leda, a tattara a kawar.

Ɗora katako a kan ƙarfe

Kuskuren da mai sabon shiga ya fi yi shi ne, ya ga farantin ƙarfe mai sheƙi sai ya ce ai ga tebur an gama. Fuskar ƙarfe ba ta dace da aikin hannu ba. Cizal ko zarto in ya zarce ya taɓa ta, bakinsa ya mutu, sai an koma dutse. Ƙarfe mai danshi kuma yana baƙanta katako irin su maɗaci. Saboda haka ƙarfe a ƙasa, katako a sama. Farantin zubi a ajiye shi gefe don harhaɗa kujera ko akwati a kan wuri miƙaƙƙe, ko a manna masa samfefa a riƙa wasa kayan aiki.

Saman teburin ya zama katako mai tauri wanda ya bushe sosai, irin su iroko ko maɗaci ko kawo. Obece ya yi laushi da yawa. Maɗobiya kuwa, wadda aka yi wa saran ƙare-dangi don fitarwa zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017, ya kamata a ƙyale ta ta huta. Tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2, kaurin inci 3 ya wadatar da aikin gida, kuma in iroko ne wannan kaɗai ya haura kilo 50. Tsayin tebur kuwa jikin mai shi ne ma'auni: ya tsaya ya saki hannuwansa, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan ne saman tebur. Ga yawancin mutane wannan yana faɗawa tsakanin inci 33 da 36. In ƙafafun injin sun gaza, a yi musu takalmi da katako mai kauri. Yanke su in sun yi tsawo ya fi wuya, don haka a auna tun a kasuwa.

Sai kuma abin da yanayinmu ya sa dole a kula da shi. Katako yana sha yana kuma fitar da danshi muddin ransa, yana kumbura ta faɗinsa da damina, yana tsukewa da hunturu. Tsakanin watan Agusta da watan Janairu a Kano ko Zariya, saman tebur mai faɗin ƙafa 2 yana iya raguwa da kwatan inci ko fiye. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuwa ko gezau. In aka ɗaure su tamau da noti a kowace kusurwa, katakon zai nemi tsukewa ya rasa hanya, sai ya tsage a tsakiya, mai shi ya zargi ɗan katako da sayar masa da ɗanye. Maganin abin ƙarami ne: notin gaba a ɗaure shi sosai don bakin tebur ya tsaya wuri ɗaya, ramukan baya kuwa a yi su da ɗan tsawo, a sa faffaɗar washa, yadda katakon zai riƙa zamewa ba tare da kowa ya lura ba. Kan kowane noti a nutsar da shi cikin katakon, kada ya tsaya yana jiran bakin magogi.

Tsakanin ƙafafun biyu a haɗa da doguwar sanda mai ƙarfi a ƙasa, ta ƙarfe ko ta katako, domin ita ce ke hana rangaji. A kanta ana iya yin kanta ta ajiye kayan aiki, wadda za ta ƙara wa teburin nauyi. A kafe mamatsi a gefen hagu na gaba ga mai aiki da dama. Tsatsa a goge ta da burushin waya da kananzir, a yi sabon fenti. Inda aka bar ƙarfe tsirara a shafa kakin kyandir. Baƙin man mota, wanda shi hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, yana shiga katako ya hana gam da fenti kamawa.

Game da motar lantarki da akan samu manne da irin waɗannan injuna, a yi hattara. Yawancinsu na layi uku ne masu cin bolt 415, wutar gida kuwa layi ɗaya ce mai bolt 230, ba za su tashi ba sai da na'urar da ke juya wutar. Kuma sha'awar da ke kama mutane ta su huda teburin su kafa faifan zarto a ƙarƙashi, ba murfi, ba ƙarfen da ke hana katako matse faifan ta baya, ita ce ta raba kafintoci da yawa da yatsunsu. Wannan aiki ne dabam, na wanda ya ƙware.

Ma'aikaci da ɗalibi

Akwai iyakar da doka ta ja wa ma'aikacin gwamnati, kuma gara a faɗe ta a fili. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ke nan muddin yana bakin aiki teburin nan na gyaran ƙofar gidansa ne, da kantar littattafan yara, da koyon hannu ran Asabar. Amma ranar barin aiki tana tafe, a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki ga yawancin ma'aikata, kuma kafinta ba a zama shi cikin wata uku. Wanda ya fara ɓata katako tun yana da shekara 45 zai sauka da sana'a a hannu, a lokacin da takwarorinsa ke zaryar ofishin fansho.

Ɗalibai kuwa, iyayensu da yawa suna tuna yadda tsarin ilmi na 6-3-3-4 ya zo cikin 1982 da alkawarin koyar da aikin katako da na ƙarfe a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunan da suka zo ciki saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malami. Teburin da ake magana a kansa ba ya jiran ko ɗaya daga cikin biyun farko. Ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙafafu biyu, su nemi wani tsohon kafinta a unguwa ya duba musu aikin.

Ranar ɗauko kayan a nemi majiya ƙarfi, a mirgina ƙarfen a kan guntayen bututu maimakon a ɗaga shi, kowa ya janye ƙafarsa daga ƙarƙashi. A kafa teburin a ɗakin ƙasa mai daɓen siminti, ba a bene ba, a daidaita shi da ma'aunin magina, a cusa siraran katako inda daɓen ya yi kwari. Bayan hunturun farko a zagaya da sifana a ƙara ɗaure notocin gaba, domin katakon zai ɗan saki, a kuma bi saman da magogi a sake miƙar da shi.